Rawanin da Cilakowa Ya Mayar

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Shekara bakwai Cilakowa yana neman sarautar Sanƙira, mai shelar fadar Zaki. Ranar da rawani ya iso kuwa, matarsa tana kwance kan ƙwai a kogon kuka. Shi ya liƙe ƙofar da laka, yadda danginsu ke yi, ya bar 'yar kafar miƙa mata fara.

Dila ɗan aike ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe za a fita rangadi, sai kaka a dawo."

Cilakowa ya ce, "Wa zai ciyar da na ciki?"

"Maƙwabta mana. Ana zancen sarauta, kana zancen fara?"

Daga kogo matar ta ce, "Maigida, je ka, za mu lallaɓa."

Cilakowa ya dubi kafar nan, wadda ya auna da bakinsa. Ya miƙa wa Dila rawanin, ya ce, "Gaya wa Zaki na gode. Kafin la'asar zai sami wani Sanƙira. Nan kuwa bakina kaɗai ke shiga."

Aka naɗa Hankaka. Da kaka ta yi, laka ta fashe, 'ya'ya huɗu suka fito suna ta "Baba, Baba", har fada ta kasa jin shelar Hankaka.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Mai musu ya je gindin kuka ya leƙa.