Shirun da Mai Taru Ya Yi

Ya 'yan'uwa, an yi wani mutum, masunci a wani bakin ruwa, ana ce masa Mai Taru. Allah ya ba shi jirgi mai inji da ƙarfin dantse da mace mai haƙuri. In jirginsa ya doso gaɓa da hantsi, mata masu bandar kifi har cikin ruwa suke shiga da kwandunansu.

Kifi ya yi ƙaranci, masu saye sun yi yawa. Sai Mai Taru ya kafa tasa doka. Wadda ta yarda ta bi shi bayan rumfa, ita ke kwasar manyan tarwaɗa. Wadda ta ƙi, ta koma da kwando wayam, murhunta babu wuta, 'ya'yanta babu abinci. Kowa ya sani. Dattawa suna zaune suna ɗinkin taru, suna cewa haka aka tarar.

Wata rana Dogo, mai tuƙa masa jirgi, ya ce, "Maigida, ƙanjamau fa ta shigo gaɓar nan. Ka rage."

Mai Taru ya yi dariya. "Kai Dogo, tsawo babu zuciya! Mu da katako ɗaya ne tsakaninmu da lahira? Iska ta kifar da jirgi, an gama. Ciwon da sai ya yi shekara da shekaru yana sallama ne zai hana ni barci?"

Sai zazzaɓi ya kama Mai Taru, yana tafiya yana dawowa. Da ma'aikatan lafiya suka kafa tanti a gaɓa, ya faki ido ya shiga. Aka gwada jininsa, aka gaya masa yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Ma'aikaciyar ta ce akwai magani. Da ta ji matarsa na da ciki, ta roƙe shi ya kawo ta, domin in ta fara sha da wuri, da yardar Allah ɗan zai fito lafiya.

Ya isa gida ya tarar da matarsa a kan tabarma, ta dafa ciki tana murmushi. "Maigida, zo ka ji ɗanka, sai harbi yake kamar tarwaɗa a kwando."

Ya yi niyyar faɗa mata, sai ya yi tunani. In ta shiga layin asibiti, wa ya san wanda zai gan ta? In gaɓa ta ji, wa zai sake hawa jirginsa? Ya ce a ransa sai gobe. Gobe ta yi, ya ɗauki taru ya tafi sansanin masunta na tsibiri. Yana jan igiya hankalinsa na gida, yana cin abinci bai san ɗanɗanonsa ba, amma bai juya jirgi ba. Kafin ya dawo, ta haihu a ɗaki.

Yaron ya ƙi ƙiba. Ga tari, ga gudawa, baki ya yi fari. Maƙwabta suka ce iskar ruwa ce, a yi masa hayaƙi. Ya 'yan'uwa, kun san wa ya riƙa hura garwashin? Uban! Yana fifita wuta, yana kallon haƙarƙarin ɗansa, ya san gaskiya.

Da abin ya yi tsanani, matar ta goya yaron ta kai shi asibiti da kanta. Aka gwada su duka biyu, aka same su da cutar. Ta dawo ta same shi a gindin jirgi.

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kina da ciki."

Ta ce, "Da ka faɗa mini, zagi kawai za ka sha, ni kuma in sha maganina."

Yaron bai kai zama ba ya rasu. Matar ta koma gidan yayanta, tana shan magani, tana raye. Shi kuwa dantsen nan ya kasa ɗaga taru. Ma'aikatansa suka watse. Jirgi yana kife a kan yashi, rana ta tsattsage katakonsa.

To, wa ya kashe yaron nan? Kada wani ya ce mini ƙaddara ya yi shiru! Cutar ba ita ce zunubin ba. Me matar ta yi? Me jaririn ya yi? Zunubin shi ne ka mayar da yunwar mace tarko, sannan ka ɓoye gaskiyar da za ta ceci ɗanka. Mu kuma da muke gani muna kawar da kai, muna nuna mai layin asibiti da baki har mutane ke tsoron zuwa, muna da namu kason.

Ku sayar da kifi a kan farashinsa. Ku je a gwada ku, ku tafi da matanku. Wanda aka samu da cutar ya faɗa a gida yau, ya riƙe maganinsa.

Allah ya kiyaye mu da zaluntar mai rauni, ya kiyaye 'ya'yanmu daga shirunmu. Amin.