Rabon Inuwar Tsamiya

An yi wata tsamiya a tsakiyar kasuwa, mahauta da masaƙa kullum suna faɗa kan inuwarta. Dagaci ya gaji, ya ce, "Ko a raba inuwar nan daidai, ko gobe in sa a sare bishiyar."

Gwaggo Tasalla, wadda ta tsufa tana sayar da daddawa a gindinta, ta matso.

"Ranka ya daɗe, ai a rabe take. Da safe tana yamma, wajen mahauta. Da la'asar ta koma gabas, wajen masaƙa."

"To, ta tsakar rana fa?"

"Wannan taka ce. Sai ka riƙa zuwa kullum kana gadinta, kada wani ya taka maka."

Dagaci ya tuna lokacin barcinsa ne.

"Tawa na yi sadaka da ita," in ji shi. "Kowa ya zauna."