Dalilin da ya sa matan Tungar Giyayya ke shanya a kan zago

Dalilin da ya sa a garinmu ake shanya a kan zago, to yau dai zan faɗa muku, tunda Nusaiba da Junaidu kun hana ni sakat tun ranar da kuka zo hutu kuka ga zannuwa suna lilo a jikin mashi. Na ce in kun koma zan rubuto muku, ga shi na cika. Wanda bai iya karatu ba tukuna mamarsa ta karanta masa, kuma kar a tsallake min layi.

Da farko dai abin nan ba mashi ake ce masa ba, zago ne. Sanda ce doguwa da ta fi ƙofar ɗaki tsayi, da ƙarfe mai ƙaya a kai, da igiya a ɗaure. Da shi ake farautar ayu. Shi kuma ayu dabba ce ta cikin ruwa. Ba kifi ba ne, ba dorina ba ce. Girmansa ya kai saniya, ba ƙaho, ba ƙafa, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci bai gama ba. Ciyawa yake ci. Ba ya cizo, ba ya faɗa, ba ruwansa da kowa. Macen sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta haifi ɗa ɗaya tal, ta shayar da shi nono kamar mutum. Laifinsa kawai yana da nama mai daɗi da mai wanda 'yan birni ke nema ido rufe.

A da can, lokacin kakata Iya Hansai tana da ƙarfinta, masu zago bakwai ne a garin. Babbansu shi ne mijinta, kakana Bagudu. Mutum ne da ba ya dariya sai da dalili, kuma ba a cika samun dalilin ba. Duk shekara in ruwa ya fara cika sai su kashe ayu biyar, shida. Daga baya ya koma uku. Daga baya ɗaya. Sai aka yi shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba. Maza suka ce ayu ya yi ƙaura ne. Ba wanda ya ce ina ya koma.

To a daidai wannan lokacin sai ciyawa ta fara rufe mashigin da muke bi mu fita babban kogi. Maza ba su damu sosai ba, su jiragensu na can bakin kogi. Mata ne ke bin mashigin nan duk Laraba da kwandunan kifin banda zuwa kasuwa. Tafiyar da ake yi kafin rana ta yi zafi ta koma sai azahar. Wata Larabar Iya ta maƙale a ciyawa har kasuwa ta watse, ta dawo da kifinta kamar yadda ta tafi da shi, sai dai ya ƙara wari.

Wata safiya tana tura jirgi da gora sai ta ga wata siririyar hanya a cikin ciyawar, fes, kamar an sa lauje. Ta bi. Hanyar ta kai ta wani gurbi mai zurfi a gindin bishiyar giyayya. Tana isa sai ga hanci ya ɓullo, ya yi numfashi, ya nutse. Sai ga wani ɗan ƙaramin hanci a gefensa. Uwa da ɗa. Nan Iya ta gane wanda ya yi shekara da shekaru yana share musu hanya ba tare da an ce masa sannu ba.

Sai ta yi kuskure. Ta dawo gida ta faɗa wa mijinta.

Ta ce, "Malam, na ga ayu da ɗanta a gindin giyayya. Ita ke cinye ciyawar nan. Don Allah ku bar ta."

Kaka ya ce, "A gindin giyayya kika ce?"

Ta ce, "Ku bar ta na ce."

Ya ce, "Ta ɓangaren gabas ko yamma?"

Iya ta ce tun daga nan ta san ta kashe ayun nan da bakinta. Kafin la'asar duk masu zago sun ji. Aka sa ranar Asabar.

Ta je wurin Sarkin Ruwa, ta durƙusa ta yi bayani tun daga kan ciyawa har kan kifin da ya yi wari. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "An ji." Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai me?" Ya ce, "Ai an ji." Shi ma yana da kaso a cikin naman, ƙirji ake kai masa.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne maganar take. Masu zago suna da doka. Kafin farauta sai an wanke zago da wasu saiwoyi kwana arba'in, sannan a kafa shi a rana kwana uku a filin bayan gari. Kuma duk zagon da zanen mace ya taɓa ya mutu. Suka ce in ka jefa shi haka, igiyar ce za ta naɗe maka ƙafa, ayu ya ja ka ƙasa. Ni ban ce gaskiya ne ba, ban ce ƙarya ne ba. Su dai sun yarda, har matansu ba sa bin ta filin. Da yake duk shekara suna wankin nan ko an ga ayu ko ba a gani ba, arba'in ɗin ta riga ta cika, saura shanyawa. Ranar Laraba suka kafa zago bakwai a jere.

Iya ba ta je kasuwa ba ranar. Ta bi gida gida, wurin bandar kowace mace. Ba kowa ce ta ba ta fuska ba. Tambai, matar ƙanin Kaka, ta ce, "Yaya, ni fa an yi min alkawarin kwanukan samira da man ayun nan."

Iya ta ce, "In sun zo, a ina za ki sai da kifin da za ki zuba a ciki?"

Tambai ta ce, "Ta ƙasa zan bi."

"Da kwando uku a ka? Ke da ko tulu sai kin huta sau biyu?"

Tambai ta ci gaba da juya kifi. Can ta ce, "In aka sake ni fa?"

Iya ta ce, "Wa zai yi masa banda? Shi da bai san inda ake hura wutar ba."

Wata tsohuwa kuma, Gwoggo Lantana, ta ce ita ba ruwanta da ayu, amma duk abin da zai ɓata wa mijinta rai a sa da ita. Iya ta ce an sa.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a garin gaba, don lokacin ba mu da na Juma'a. Suna ɓacewa mata suka fito da wanki. Wanda ya yi datti da wanda bai yi ba, duk aka jiƙa. Suka ja igiya daga zago zuwa zago, suka shanya. Wanda bai samu wuri a igiya ba aka rataya shi a kan ƙarfen.

Maza suka dawo suka tarar. Aka ce sun daɗe a tsaye suna kallo, ruwa na ta ɗiga. Iya na zaune a gefe tana tsince wake.

Kaka ya ce, "Hansai."

Ta ce, "Na'am, Malam. An sauko lafiya?"

"Mene ne wannan?"

"Wanki."

"Na ga wanki. Me ya kawo shi nan?"

"Nan ne rana ta fi."

Mijin Gwoggo Lantana ya fara ɗaga murya, ita kuma ta ce masa in zai cire nata ya bari ya bushe tukuna. Aka kai ƙara wurin Sarkin Ruwa. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "An ji." A ranar maza suka gane yadda abin yake.

Shida daga cikinsu suka haƙura da bana. Kaka bai haƙura ba. Ya ɗauke zagonsa ya ɓoye a cikin rufin rumbu, ya sake wankin saiwoyi daga farko, shi kaɗai, kwana arba'in. Ya hau bayan rumbun ya shanya shi kwana uku inda ba a gani. Ya manta abu ɗaya. Mai ɗibar hatsi a rumbun nan kullum ita ce Iya.

Da safe ya fita bai gaya wa kowa ba. Ya tura jirgi ta cikin ciyawa da kyar har gindin giyayya. Ya zauna shiru har hantsi. Sai ga hancin ya ɓullo, kusa da shi sosai, da ɗan ƙaramin a gefe. Kaka ya miƙe a hankali, ya ɗaga zago. Yana ɗagawa sai idonsa ya kai wuyan ƙarfen, inda aka naɗe igiya. Wani ɗan ƙyalle ya leƙo daga ƙarƙashin naɗin, bai fi ɗan yatsa ba, shuɗi mai zanen ganye. Ya san atamfar. Shi ya sayo ta da sallah.

Shi da kansa ya ba ni wannan wurin, shekara guda kafin ya rasu. Ya ce hannunsa na sama, ayu na ƙasa, ba abin da zai hana shi jifa. Ya dubi igiyar a gindin ƙafarsa, ya dubi ruwan. Gurbin nan gora biyu ba ta taɓo ƙasansa. Na ce, "Kaka, tsoro ka ji?" Ya ce, "Kafaɗa ce ta riƙe min." Na ce to.

Ayu ta yi numfashinta ta nutse da ɗanta.

Da ya juya zai koma, iska ta riga ta tura ciyawa ta rufe inda ya shigo. Ya yi ta fama da gora har rana ta take, jirgi ko motsi. Hanya ɗaya ce a buɗe, siririyar nan da ayu ta ci. Ita ya bi. Ta fito da shi daidai mashayar mata, inda Iya ke wankin kwanuka da su Tambai.

Tambai ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ta ina ka biyo?"

Ya turo jirgin bakin gaɓa.

Iya ta ce, "Hanyar da kyau ko?"

Ya fito daga jirgi, ya ɗauki zagon, ya wuce gida. A tsakar gida ya caka shi a ƙasa kusa da randa. Ya ce, "Damina biyu. In mashigin ya buɗe, ki riƙe. In bai buɗe ba zan ƙera sabo, kuma a gidan wani zan ajiye."

Iya ta ce, "Matsar da shi gaba kaɗan, nan inuwa ce."

Ya matsar.

Tunda babba ya ajiye, sauran ma suka ajiye, don ba wanda zai fita ayu ba shi. Mata kuma ba su tsaya nan ba. Duk Laraba a kasuwa suna ba matan wasu tungaye labari, har da yadda ake ɗaura ƙyallen. Aka ce tunga uku sun gwada. Biyu sun yi nasara, ɗaya kuma an yi rigima har da yaji.

Damina biyu ta cika, mashigin bai buɗe duka ba, gaskiya. Ayu biyu ba za su cinye ciyawar shekara goma ba. Amma jirgi ɗaya na wucewa ba tare da an sauka an tura ba. Kaka ya je ya duba, ya dawo ya ce bai buɗe ba. Iya ta ce to ya je ya ƙera sabon. Ya ce sai kafaɗar ta sake shi. Har ya koma ga Allah ba ta sake shi ba, duk da da ita yake jan komar kamun kifi kullum.

Yanzu in kun zo da damina kuka yi shiru a gindin giyayya za ku ga hanci, wani lokaci uku, wani lokaci huɗu. Ba a jifa, ba a ihu, Junaidu da kai nake. Shekaran bara wasu suka zo daga birni da riguna iri ɗaya, suka tara mu suka yi mana bayani a kan muhimmancin ayu. Iya ta saurara har ƙarshe. Da suka gama ta ce, "An ji." Sannan ta roƙi ɗaya daga cikinsu ya miƙo mata zanen da ke saman zago, tunda shi dogo ne.

Shi ya sa har yau in za a kai amarya a Tungar Giyayya, bayan gado da kwanuka, sai an haɗa mata da zago biyu da igiya. Maƙerin garinmu har yanzu yana ƙera su, da ƙayar da komai, yana wasa bakin ya yi kaifi kamar gobe za a fita. Ba wanda ya taɓa shiga kogi a cikinsu. Ruwan da suka sani kawai shi ne wanda ke ɗiga daga zane.