Kantin da Ya Bi Ruwa

Yara, ku gyara zama. Akwai wani mutum mai ɗan kanti a bakin tafki. Ba zan ɓoye muku ba, kawuna ne, sunansa Habila, a wurinsa muke yin hutun makaranta.

Suna dai kanti, amma rumfar zana ce da benci guda. Akwai gishiri, ashana, ƙugiya, zaren taru, sai kwalbar alewa wadda ta hana mu sukuni. Masunta in sun fito daga ruwa nan suke fara zubewa, a yi ta hira ana tsokanar juna, Kawu yana dariya har da buga cinya. Kai, na ƙaunaci wurin nan! Har gobe in na ji ƙamshin kifi banda, sai in gan ni a kan bencin.

To, tafkin nan ba ya zama wuri ɗaya. Da damina ya cika ya tumbatsa, da rani ya janye can nesa. Saboda haka in ruwa ya ja, Kawu yakan tuge rumfarsa, ya labta wa jaki, ya bi shi. In ruwa ya dawo, shi ma ya dawo.

Ana nan, wata shekara Kawu ya ce ya gaji da yawo da kanti. Ya gina na bulo a kan tudu, da rufin kwano, da ƙofa shuɗiya. Gini kam ya yi kyau, ba ƙarya.

Rani ya zo, ruwa ya tafi, masunta suka bi shi. Wa zai wuni yana jan taru, sa'an nan ya tako wannan nisa cikin rana don ashana? Kawu ya zauna a ƙofarsa shuɗiya, daga shi sai ƙudaje. Alewa ta narke a kwalba. Rashin ciniki ya dame shi, amma rashin mutanensa ya fi cinsa. Dariyar nan ta ɗauke ɗif, har muka riƙa jin tausayinsa.

Ran nan ya ce wa matarsa, Inna Asabe, "Sun manta da ni."

Ita kuwa ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ce, "Haba Maigida! Su inda kifi yake, can suke. Kai ne ka auri gini."

Washegari da safe Kawu ya jawo tsohuwar zanarsa, ya labta wa jaki kaya, ya ɗora benci a ka. Muna biye da shi, muna faɗa a kan wanda zai riƙe kwalba.

Da masunta suka hango mu, sai ihu ya tashi: "Ga Habila! Ga kanti ya zo!" Wani tsoho ya diro daga kwalekwale, ya rungume shi da jiƙaƙƙen jiki, ya ce, "Ai mun ɗauka ka zama babban mutum!"

Kawu ya ce, "Babban mutum ya sha kaɗaici, ku sauke mini bencin nan." Ya fashe da dariyarsa ta dā. Nan da nan suka kafa masa rumfa, aka gasa kifi, muka ci har muka kasa tashi.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangijinmu Yesu bai zauna a Sama yana jira mu hau ba. Ya sauko, ya same mu inda muke, cikin taɓonmu. Haka yake so mu ma mu yi. Majami'armu tana da kyau, mun gode Allah. Amma ku dubi bencin da kuke kai. Akwai wanda dā yake zama kusa da ku, yanzu ba ya zuwa. Kada ku ce ya manta da mu. Wataƙila kakarsa ce ba lafiya, wataƙila kunya ce ta hana shi.

In an tashi yau, ku je inda yake. Kawu da benci a ka ya tafi. Ku ƙafafunku kaɗai za ku ɗaga.