Gumin Ƙirya a Ma'aunin Aljanu

A can wani zamani mai nisa, tun aljanu ba su daina sa baki a shari'ar mutane ba, an yi wani ma'aji a birnin Ƙirya ana ce masa Nomau, ɗan Ma'aji Barmo, jikan Ma'aji Tunau, dattijo siriri, mai haƙuri, mai kunya, mai riƙon amana, wanda igiyar makullin taskar sarki ta yi wa kanta a wuya don daɗewa tana rataye. Taskar kuwa, kada in cika ku da daɗin baki, ɗaki ne guda da 'yan buhunan wuri, kuɗin wancan zamani, ko ɓera bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Amma Ƙirya ba ta taɓa tagayyara ba, domin mutanenta 'yan gayya ne tun kaka da kakanni. In ganuwa ta zube, ko hanya ta lalace, ko laka ta cike bakin tafki, sai Sarkin Noma Gagarau, wani ƙato baƙi mai faɗin ƙirji, ya sa a buga ganga, maza su fito da fartanya da magirbi, mata da ƙwaryar kunu, kafin rana ta karkata an gama, Sarki Cindo bai kashe komai ba sai goro da sannu da aiki.

Maƙwabciyarsu Gwaramza kuwa, wannan sai a yi shiru. Sarkinta Zartu, mai zinariya, mai azurfa, mai ayarin raƙuma wanda ba a ganin ƙarshensa, in bai kashe dukiya ba ranar nan ba ya jin daɗin jikinsa. Tsakanin ƙasashen biyu akwai Tafkin Bado, wanda daga shi suke sha, daga shi suke ban ruwa, kuma mallakar Sarkin Aljanu Dumurƙusu ne. Da rigimar masunta da makiyayan ɓangarorin biyu ta ishe shi, sai ya aiko da wata farar guguwa ta tsaya a ƙofar kowace fada ta yi shela cewa, in rani ya tsaya, zai auna abin da kowace ƙasa ta kashe wajen raya kanta a bana, wadda ma'auninta ya rinjaya tafkin zai tattara ya koma bayan ganuwarta.

Hankalin Sarki Cindo ya tashi, ya kira Nomau ya ce, "Ma'aji, me muka kashe bana?"

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, abin da muka kashe bai kai abin da Gwaramza ke saya wa ɗawisunta gero ba. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. In sarki ya yarda, mu je da abin da muke da shi, mu roƙi arziki."

Sarki ya ce, "Roƙo ba ya hawa ma'auni. Daga yau duk wanda ya fito gayya a biya shi. A buɗe taska, a kashe, a kuma kashewa."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, gayya ba kayan kasuwa ba ce. Ina tsoron kada garin neman gira a rasa ido."

Sarki ya ɗaga hannu, fadawa suka ce an gaishe ka, magana ta ƙare. Wallahi ba mugun sarki ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma mai tsoro ba ya jin shawara. Da aka yi gayyar yashe tafki, Nomau ya zauna a gindin tsamiya yana zuba wa mutane wuri a tafin hannu, zuciyarsa na ƙuna. Gagarau ya karɓa kansa a sunkuye, ya ce, "Ma'aji, ubana bai taɓa karɓar ladan gyaran ruwan da zai sha ba." Amma ya karɓa. A gayya ta gaba, kafin a ɗaga fartanya sai da aka yi ciniki. A ta bayanta, mata suka ce kunu ma ai da gero ake yinsa. Kafin rani ya tsaya taska ta koma wayam, aka buga ganga har makaɗi ya gaji, ba wanda ya leƙo.

Ranar awo ta zo, Nomau ya kama hanya shi kaɗai, kuma da yake ƙofar fadar aljanu a gaɓar Gwaramza take, dole ya ratsa birnin. Kai, ya ga abin mamaki. Ya ga ƙofar gari ta azurfa ana rushe ta don a kafa ta zinariya, alhali bara aka kafa ta. Ya ga ƙatti majiya ƙarfi an ɗauke su aikin yi wa ɗawisu fifita, ga wasu an ɗauka su duba masu fifitar, ga wani babba mai rawani da ke duba masu dubawa. A tsakar kasuwa ya ga rijiya mai baki na lu'ulu'u, ya leƙa don ya jiƙa maƙoshi, ya tarar ƙura ce a ciki, wai ba a riga an naɗa wanda za a biya ya yashe ta ba. Ya haɗiye busasshen yawu ya wuce, domin ya san ko ƙurar nan an kashe mata abin da ya fi taskar Ƙirya.

A bakin ruwa wani kada mai farin gemu, mai gadin ƙofa, ya tare shi ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ba a shiga gaban Dumurƙusu sai an ajiye abin da aka fi so." Nomau ya laluba jikinsa, ba shi da komai sai makullin da ya gada daga kakansa. Ya ciro shi, hawaye suka zubo masa, don ya ji ciwon rabuwa da shi, ya kuma ji ciwon sanin cewa yanzu ba abin da yake buɗewa sai ɗaki fanko. Kadan ya haɗiye makullin, ruwa ya dare biyu, Nomau ya gangara.

Fadar kuwa faɗinta ya fi ƙarfin ido, ginshiƙanta na ƙanƙara, rufinta ruwa ne tsaye cak kifaye na yawo a ciki, aljanu farare da baƙaƙe, dogaye da gajeru, masu fukafukai da masu kofato, sun yi sahu-sahu ba mai tari. A tsakiya ga Dumurƙusu, gagara-gasa, mai idon garwashi, mai muryar aradu, gabansa ma'auni rataye ba igiya. Aka zuba abin da Gwaramza ta kashe, tasar ma'aunin ta nutse har ta taɓa ƙasa. Aka zuba na Ƙirya, duka taskar da Nomau ya raba da hannunsa, ma'aunin ko gezau.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ya shugaban ɓoye da sarari na wannan ruwa, mu talakawa ne, amma ba mu taɓa barin tafkinka ya cike ba. Kakannina sun yashe shi, iyayena sun yashe shi, da hannu da gumi. Ashe gumi ba ya hawa ma'auninka?"

Dumurƙusu ya dube shi ya ce, "Yana hawa, Ma'aji, kuma ba abin da ya kai shi nauyi a wurinmu. Kowace shekara bayina kan tara gumin gayyar Ƙirya a tuluna, tulu guda kan rinjayi ƙofar zinariya. Da na yi shela, na ɗauka ku za ku ci. Bana na aike su, suka dawo da tuluna a bushe. Suka ce gumin an sayar, kuɗinsa kuwa ga su can a tasa, ka ga nauyinsu da idonka."

Nomau ya dubi 'yan kuɗin da ke tasar. Ba wanda zai kama da laifi da zai dawo da ruwa, ga shi kuma hannun da ya raba kuɗin nan nasa ne. Ya ce, "A auna na bara mana." Sarkin aljanu ya ce, "Bana na faɗa, kuma ba na tashin maganata." Da ya ga dattijo ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar maraya, sai muryarsa ta sassauta, ya ce, "Abu guda zan bar muku. Akwai jijiyar ruwa a ƙarƙashin inda tafkin yake, mai zurfi ƙwarai. Hannun da ba a biya ba ne kaɗai zai kai gare ta. In wuri ɗaya ya shiga tsakani, ta gudu har abada."

Ko da Nomau ya isa gida, Tafkin Bado ya riga ya tashi, sai fili tsage-tsage da matattun kifaye, mata tsaye da tuluna fanko. Ya faɗa wa sarki komai, sarki ya rufe fuska da hannun riga. Aka buga ganga, mutane suka taru a gaɓa, Nomau ya gaya musu sharaɗin. Wani daga bayan taro ya ce, "To, in an samu ruwan, sai a biya?" Nomau ya tuɓe rigarsa, ya ari magirbi, ya sauka tsakiyar fili, mutumin da tunda aka haife shi bai ɗauki abin da ya fi makulli nauyi ba, ya fara sara. Ƙasa ta ƙi, tafinsa ya fashe, rana ta dake shi, jama'a na kallo.

Can sai ya ji inuwa ta rufe shi. Gagarau ne, da tsohon magirbin ubansa a kafaɗa. Ya ce, "Matsa, Ma'aji, ba haka ake riƙewa ba." Ya tofa yawu a hannu ya kai sara. Daga gaɓa wata tsohuwa ta kife tulunta, ta ɗauki ƙwarya ta gangaro kwasar ƙasa, sauran kuwa suna nan tsaye suna duban juna. Ko za su sauko, ko jijiyar na nesa ko kusa, Nomau bai sani ba. Ya dai share fuska, ya ga gumin Gagarau na ɗiga a busasshiyar ƙasa, ya ce a ransa, Allah Mai ruwan sama da na ƙasa, wannan kam ba mu sayar ba.