Ƙwayar Safe Tasa, Ta Yamma Ta Yayansa

Akwai wani mai saka tayil da kowa ke kira Auta. Furfura ta cika masa gemu, ya aurar da 'ya, amma sunan ya ƙi barinsa, domin haka yayansa ke kiransa tun yana rarrafe.

Yayan nan shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa sana'a. Shi ya nuna masa yadda ake kwaɓa siminti, yadda ake ja igiya layi ya miƙe, yadda ake buga tayil da gudumar roba a saurari ƙararsa a gane ko akwai rami a ƙasa. Tare suke karɓar aiki, tare suke durƙusawa tun safe har rana ta yi sanyi.

To jama'a, wanda bai taɓa wannan aiki ba sai ya ga kamar wasa ne. Ku da kuke taka falo mai sheƙi kuna ɗaukar hoto, da gwiwar wani aka shimfiɗa shi.

Shekaru suka tura, gwiwoyin su biyun suka gama aiki. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. In suna hawa bene a wurin aiki, magina har tsokanarsu suke yi, wai ana jin ƙarar gwiwarsu kafin a ji sallamarsu. Su ma dariya suke yi, amma in sun koma gida kowa sai an jiƙa masa tawul da ruwan zafi.

Ana nan sai suka ji labarin wani babban asibiti na gwajin sabon maganin ciwon gwiwa, ana neman masu irin lalurarsu. Suka shirya suka tafi tare. Aka ɗauki hoton ƙashinsu, aka ɗebi jini da fitsari, aka ce su dawo.

Ranar da suka koma, likitar da ke jagorantar binciken ta zaunar da su. Ta ce Auta ya dace, za a ɗauke shi. Sannan ta juya ga Yaya.

"Baba, kai ba za mu iya saka ka ba. Gwajin jininka ya nuna ƙodarka ta yi rauni, maganin nan kuma ta ƙoda yake fita daga jiki. Don Allah ka je sashen masu ciwon ƙoda su duba ka, kada ka yi wasa."

Yaya ya yi murmushin yaƙe, ya ce ya gode. Suna fita ya ja tsaki.

"Wace ƙoda? Ni da ban taɓa jin ko ciwon kwiɓi ba. Tsufa kawai suka gani, suna neman masu sauran ƙarfi don maganinsu ya yi suna. Kai dai je ka sha, Allah ya sa a dace."

Sashen ƙoda kuwa ko hanyar bai bi ba. Kun san halin mutanenmu, abin da bai kayar da mu ba ba ciwo ba ne.

An yi wa Auta bayani dalla-dalla kafin a ba shi magani. Rabin mutanen da ke cikin gwajin maganin gaske suke sha, rabi kuma ƙwaya ce mai kama da shi wadda babu komai a ciki, don a gane ko maganin ne ke aiki ko kuwa sa rai ne kawai. Likitar ta ce ita kanta ba ta san wanne aka ba wa wa ba. Robar ba ta da suna, lamba ce kawai a jiki. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma ta maimaita masa har ya gaji da ji: kada ya ba kowa, ko da matarsa ce.

Bayan 'yan makonni Auta ya fara jin sauƙi. Yana tashi daga durƙuso ba tare da ya dafa bango ba. Yaya kuwa sai abin ya ƙara gaba. Ya koma zama a kan kifaffen bokiti yana nuni da sanda, shi da a da ba ya yarda wani ya saka masa layin farko.

Wata rana suna aikin wani falo, Yaya ya hango tayil ɗaya ya karkace. Bai iya haƙuri ba, ya sauko ya durƙusa ya gyara. Da ya zo tashi sai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya faɗi a kan ɗanyen siminti a gaban mai gidan da magina. Auta ne ya rungumo shi ya ɗaga.

Yaya bai taɓa cewa a sam masa maganin ba, ko da wasa. Wannan shirun ne ya fi ci wa Auta rai.

Da ya koma gida ya zauna ya tasa robar a gaba. Matarsa ta gane abin da ke ransa tun kafin ya buɗe baki.

"Baban yara, kada ka fara. Da kunnenka ka ji abin da likita ta ce."

"Likita ta ga yadda ya faɗi yau? Ni in warke ina tsalle, shi yana jan gindi? Da wane ido zan kalle shi?"

"To ka koma ka roƙe su mana."

"Sun riga sun ce a'a. Ke dai ki yi shiru, ba ki san abin da mutumin nan ya yi mini ba."

Daga ranar ya raba maganin biyu. Ta safe ya sha, ta yamma ya kai wa Yaya. Da farko Yaya ya ƙi, ya ce kada Auta ya ja wa kansa kora daga gwajin. Auta ya rantse in bai karɓa ba shi ma ya daina sha. Sai Yaya ya karɓa.

Duk lokacin da Auta ya koma asibiti, nas ta duba robar ta ga saura daidai yadda ya kamata. Har yaba masa take yi, wai da kowa na bin ƙa'ida kamarsa da sun huta. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce an gode.

Kuma abin haushin, gwiwar Yaya ta yi sauƙi. Ya ajiye sanda, ya koma saka layin farko da kansa. Fuskarsa ta cika, takalminsa ya fara matse shi, magina suna ta zolayarsa wai Oga ya samu kwanciyar hankali har ya fara ƙiba. Wallahi in na tuna wannan dariyar sai raina ya ɓaci, domin ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa a jikinsa.

Sai abinci ya daina shiga. Sai tashin zuciya. Fitsari ya ragu, bai gaya wa kowa ba. Wata rana da hantsi yana tsaye kusa da injin yanka tayil, numfashi ya gagare shi, ya sulale ƙasa.

A sashen gaggawa likitan da ke aiki ya danna ƙafar Yaya da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya aika jini gwaji. Da sakamako ya fito ya dubi Auta.

"Ƙodarsa ta kusa tsayawa gaba ɗaya. Me yake sha? Ina so in san komai, na asibiti ko na gida."

Yaya yana kwance da robar iska a hanci, ya kafe ƙaninsa da ido yana girgiza kai a hankali. A wannan halin ma tunaninsa kada a kori Auta daga gwajin.

"Ba ya shan komai," Auta ya fara faɗa. Nan take ya janye maganar. "Likita, ƙarya nake yi. Maganina nake ba shi."

"Menene sunan maganin?"

Auta ya zaro robar daga aljihu ya miƙa. Likitan ya juya ta gaba da baya, babu suna, sai lamba.

"Malam, ni ban san abin da ke cikin nan ba. Kai ma ba ka sani ba. Je ka kira mini masu binciken, yanzu."

Auta ya ratsa asibitin yana ɗingishi yana haki har ofishin likitar binciken. Ya faɗa mata komai a tsaye. Ba ta yi masa tsawa ba, kuma ya so a ce ta yi. Ta ɗauki waya ta kira waɗanda ke riƙe da sirrin lambobin, ta ce a buɗe mata lambarsa, rai ne a kai.

Suka zauna jiran amsa. Babu abin da zai iya yi. Mutumin da ya yi watanni yana addu'ar Allah ya sa maganin gaske aka ba shi, yanzu ya haɗa hannu yana roƙon Allah ya sa ƙwayar banza ce, don kada a ce da hannunsa ya yi.

Waya ta yi ƙara. Likitar ta saurara, ta ajiye.

"Na gasken ne."

Sannan ta ce, "Malam, ba hana shi muka yi don ya tsufa ba. Kare shi muka yi. Ƙodarsa dama tana da rauni, amma da ya je inda na tura shi, da an lallaɓa ta shekaru tana aiki."

Aka cire Auta daga gwajin, bai ko damu ba. An ceto ran Yaya, amma ƙodar ba ta farfaɗo ba. Aka ce daga yanzu sai wankin ƙoda, duk mako sai an kawo shi an jona shi da inji, jininsa ya fita ta wata roba ya dawo ta wata. Ko ruwan sha sai an auna masa.

Auta ya bi likitoci yana roƙo a cire ƙodarsa guda a saka wa yayansa. Suka ce za a iya gwadawa in mara lafiyan ya amince. Ya shiga ɗakin wankin, ya ja kujera kusa da gadon, ya faɗa masa.

Yaya ya kalli injin, sannan ya dubi ƙaninsa.

"Auta, kai dai ba ka iya riƙe abinka kai kaɗai ba. Ka raba magani, yanzu kuma ƙoda za ka raba?"

"Yaya, ni na jawo maka. Ka bar ni in gyara."

"Ni aka gaya wa maganar ƙoda, a gabanka. Ni na buɗe baki na haɗiya. Gida biyu ne yanzu a wuyanka, nawa da naka. In aka yanka ka wani abu ya same ka, wa zai durƙusa ya ciyar da su? Ban karɓa ba, kuma kada ka sake tayar mini da maganar."

Auta ya kama hannunsa yana roƙo, Yaya ya juya fuskarsa bango ya rufe ido. Nas ta zo ta cire robobin. Auta ya durƙusa ya saka masa takalmi, domin ƙafar ta kumbura ba ya iya sakawa da kansa, sannan ya goya shi zuwa bakin ƙofa.

Darasi: Tausayi ba ya zama ilimi, komai yawansa. In likita ya ce wannan magani ba na wane ba ne, akwai abin da ya gani a jini wanda ido ba ya gani, balle maganin da ake kan gwajinsa, wanda masu shi ma ba su gama saninsa ba. In kana son ɗan'uwanka, kama hannunsa ka kai shi inda aka tura shi, kada ka raba masa ƙwayarka. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman gidajen da robar magani ɗaya ke zagaya kowa.