Hannun Jatau Maɗori

An yi wani mutum a wani gari can da, maɗori ne, sunansa Jatau. Hannunsa ne abincinsa, jama'a, da shi yake ɗora karaya.

Sai 'yarsa Lantana ta fara yar da kaya. Ta ɗauki ƙwarya, ta suɓuce mata. Babban yatsanta da biyun da ke kusa da shi ba sa ji, sai tsikari kamar allura. Mutanen unguwa kuwa, kun dai san mu da baki! Aka ce ai Iya Tabawa mai ƙosai ce ta kama wuyan hannun yarinyar rannan. Mayya ce! Aka jawo tsohuwa har ƙofar gidan Jatau, wai sai ta tuɓe ta tsallake yarinyar, sannan ta bar gari.

To, ku saurara. Jatau ya san abin da ba wanda ya sani. Nasa hannun ma haka yake tun yana yaro, haka na uwarsa. Ɓoye shi yake yi cikin hannun riga, don wa zai kai ƙashinsa wurin maɗorin da yatsunsa ba sa ji? In ya yi shiru, sana'arsa ta tsira. Ga tsohuwa tana kuka, tana rantsuwa, ta riƙe zanenta gam.

Sai Jatau ya naɗe hannun riga.

"Ku sake ta! Ku dubi gindin babban yatsana, naman duk ya zube. Akwai wata 'yar hanya a wuyan hannu da jijiya ke bi. Tamu a ƙuntace Allah Ya halicce ta, tana matse jijiyar. A wurina Lantana ta gada. Iya, ki yafe mana."

Wani ya ce, "Haba Jatau, ka kashe kasuwarka!"

Ya ce, "Ta mutu mana. Iya dai ba za ta tuɓe a ƙofata ba."

Allahu akbar! Tsohuwa ta koma gida da zanenta a jikinta. Shi kuma ya ɗaure wa 'yarsa karan ɗori a wuyan hannu, ya hana ta daka, ta samu sauƙi. Kasuwa kuwa? Har daga ƙauyuka aka riƙa kawo masa karaya, kowa na cewa mutumin da bai yi ƙarya kan hannunsa ba, ba zai yi kan nawa ba.

'Yan'uwa, gaskiyar da za ta taɓa abincinka, da ita ake gwada ka. Yau in ɗanka ya ce hannunsa ba ya ji, kai shi asibiti, kada ka nemi tsohuwar da za ka ɗora wa laifi. In kuma kana riƙe da maganar da za ta wanke wani, faɗe ta, ko da kai za ta ƙona.